Langar Kachollom da Ɗan Wasan Jafan

A benen council ɗin nan na Plumstead, gidan hayar gwamnati a London da ke kallon layin dogo, abu biyu kowa ya sani. Na farko, lift, na'urar hawa bene, ba ya aiki ranar da mutum ya yo cefane mai nauyi. Na biyu, ba a cin Maman Marvellous a yaƙin kwano.

Sunanta Kachollom. A Bukuru aka haife ta, kusa da Jos, a gidan wata mai tuyar masa a bakin tasha. Uwar ba ta bar mata gona ba, ba ta bar mata zinariya ba. Langa guda ta bar mata, shuɗiya mai furanni wadda murfinta ya ɗan lotsa a gefe, sai kuma doka guda: idan maƙwabci ya aiko da abinci, ba a mayar masa da kwano wayam. Ko sabulu ne, ko ƙwai, sai an saka wani abu a ciki. Wannan doka kowace mace ta san ta daga Bukuru har Kano. Abin da Kachollom ta ƙara a kai, wanda uwarta ba ta taɓa furtawa ba amma a kansa ta rayu, shi ne duk wanda ya bayar a ƙarshe shi ne a sama.

Mijinta Dachung ta biyo zuwa London. Shi ya bar koyarwa a Jos ya zo yana tuƙa bas mai bene daga Woolwich zuwa cikin gari, ita kuma ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi a Abbey Wood, inda take yi wa Turawa wanka tana yi musu faɗa da Hausa, su kuma suna cewa ba su taɓa ganin mace mai daɗin baki irinta ba. Ta haifi 'ya guda, Marvellous, ta raine ta har ta zama nas. Ana yi wa Marvellous Hausa tana amsawa da Turanci, kuma duka ɓangarorin biyu sun yarda cewa hira ake yi.

A tsawon shekarun nan langar ta zaga benen ƙofa-ƙofa. Bayarabiyar da ke hawa na biyu ta yi ƙoƙari, ta riƙe wuta kusan shekara, alale na zuwa masa na tafiya, daga baya ta fara cewa likita ya hana ta tsayuwa a kicin. Wani tsohon Bature ya dawo da langar babu komai a ciki, ya ce “lovely, thank you,” Kachollom ta karɓa da tausayi, kamar yadda ake karɓar sojan da ya miƙa wuya tun kafin a yi harbi. Wadda ta fi jin ciwon nata kayen ita ce Juliana, shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu. An yi wata Kirsimeti da ta aiko da cincin, aka mayar mata da dambun kaza. Ta aiko da kek, aka mayar mata da cinyar rago. Juliana ta yafe, don Littafi ya ce a yafe. Mantawa ce dai Littafi bai matsa a kai ba.

Haka ake zaune har ranar da aka buga ƙofa da rana tsaka, Kachollom ta buɗe ta ga wani siririn saurayi ya sunkuya har kansa na neman taɓa gwiwa, hannu biyu ya miƙo mata ƙunshi. Sabon maƙwabci ne, ɗan ƙasar Jafan, sunansa Isamu Kurotani. Ya zo buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya da ke Thamesmead, irin wadda mai tsaron gidanta ke aikin famfo ranar Litinin. A ƙasarsu, in mutum ya tare a sabon gida, shi ke bin maƙwabta da 'yar tsaraba. Ita ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne, cikin ƙunshin akwai ɗan tawul da biskit, an naɗe su da takarda mai kyan da mutum zai ji kunyar yagawa, kuma baƙo ne ya riga ta.

“Baban Marvellous,” ta ce da Dachung ya dawo, “yaron nan na ƙofar gaba ya tsokane ni.”

“Me ya yi miki?”

Ta nuna masa tawul.

Dachung ya dubi tawul, ya dubi matarsa, ya cire takalmi a hankali. “Kachollom, yaro ne. Bai san ki ba. Ki ji tausayinsa.”

Washegari langa ta tsallaka baranda ɗauke da tuwon shinkafa da miyar taushe. Da ta dawo, Kachollom ba ta gane ta ba. An wanke ta wankin da har wani tabon manja da ya taso tun daga Bukuru ya ɓace. Ta ɗaga murfi ta tarar da gwangwanin koren shayi, an ɗaure shi da zare. Ta zauna a kujera. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa gamuwa da wanda shi ma aka yi wa tarbiyya ba.

Ta aika langa cike da masa, ya mayar da kofuna biyu. Ta aika gwate da zafinsa, ya mayar da wasu 'yan dunƙulen shinkafa naɗe cikin baƙin ganye, waɗanda Dachung ya cinye a tsaye ya ce babu gishiri. Isamu ba ya jin Turanci sosai a lokacin, Hausa kuwa ko kalma, amma hakan bai hana ta yi masa magana ba. “Ka ci, ka ji? Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka manta da shi.” Shi kuma ya sunkuya. Kafin sanyi ya wuce ya iya “Sannu, Mama” da “Na gode,” da kuma “Ya isa,” wadda bai taɓa ganin ta yi aiki ba.

Ƙwallo ba ta cikin abubuwan da suka dami Kachollom. A ganinta wata hanya ce da maza suka ƙirƙiro don su kamu da hawan jini a zaune. Amma wanda ke yaƙi dole ya san ƙarfin abokin gaba, don haka ta fara yi wa Dachung tambayoyi.

“Wai shi me yake yi a cikin filin?”

“Ɗan wasan gaba ne. Shi ake jira ya zura ƙwallo a raga.”

“Yana zurawa?”

“A benci yake. Koci ya ce iska za ta ɗauke shi.”

“To ka gani. Yunwa ce.”

Ko gwate ne, ko horo ne, Allah kaɗai ya sani. A wani wasa da aka yi cikin ruwan sama, an saura kaɗan a tashi, koci ya rasa wanda zai saka ya saka Isamu, yaron ya ci biyu. Mako na gaba ya ci ɗaya da ka, shi da ya fi kowa gajarta a filin. Kafin kakar wasan ta ƙare, 'yan kallon ƙungiyar, waɗanda duka-duka bas ɗin Dachung zai kwashe su har da karnukansu, sun haɗa masa waƙa. Wata ƙungiya ta rukuni na biyu a arewacin Ingila ta aiko ta ɗauke shi.

Ranar tafiyarsa Kachollom ta yi shirinta tsaf. Ta bari sai da ya shiga mota, direba ya tayar, sannan ta cusa masa langa ta taga, cike da dambun nama. Mota ta ja. Ta karkaɗe hannu ta hau bene tana waƙar coci.

“Kin ba shi langar Mamarki?” in ji Dachung.

“Aro ne. Ya kawo mini in ya iya. Daga can ƙarshen duniya.”

Ba a yi mako ba mai kawo saƙo ya buga ƙofa da kwali. Langa ce, an naɗe ta kamar jariri, kusa da ita kuma tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wadda in ta gama sai ta yi 'yar waƙa. Dachung ya yi dariya har sai da ya riƙe bango. Kachollom ta ce tukunyar da ke waƙa ba ta san aikinta ba, ta ɗora ta a kan firij, ta tambayi Marvellous ƙarfe nawa ake rufe gidan waya.

Daga nan tarihin Isamu a fagen ƙwallo ya kasu biyu: wanda 'yan jarida ke rubutawa, da wanda ma'aikatan gidan waya na Plumstead suka sani. Ya yi kaka biyu a arewa, ta farko yana ɗumama benci, ta biyu yana cin ƙwallaye. Langa ta kai masa kilishi ta dawo da bargo mai wuta. Wata ƙungiya a Beljiyam ta saye shi. Aka ce ba a tsallaka da nama ta gidan waya, sai ta koma aika yaji da kuka da garin acha, langa ta dawo da cakulan da agogon hannu na Dachung. Dachung, wanda a da ke neman sulhu, ya ɗaura agogo ya daina maganar sulhu. Ta sa tela a Jos ya ɗinka wa yaron kaftani har da aiki a wuya. Ya aiko da hotonsa cikin kaftanin, tsaye ƙiƙam kamar ango, tare da injin matsa lemo.

Ita dai abin da ta lura da shi, duk sanda Dachung ya yi ihu a falo ya ce Isamu ya ci, kwali na gaba sai ya fi na baya girma. Saboda haka murnarta kan zo a gauraye. Takan ce, “Allah ya ƙara masa,” sannan ta shiga kicin ta tsaya tana kallon kabad.

A Beljiyam ɗin ne wani ƙaton mai tsaron baya ya hau masa gwiwa. Aka kawo shi London aka yi masa aiki, likitoci suka ce kakar nan ta wuce shi, wasu 'yan jarida ma suka ce ƙwallon gaba ɗaya. Kachollom ta je asibiti daga wurin aiki ko rigar ba ta cire ba, ta tarar da shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta yi masa addu'a, ta yi masa faɗa, ta ɗura masa kunun gyaɗa. A gaskiya ta yi kuka a cikin bas a hanyar gida. A gaskiya kuma, bayan ta share hawaye, wani tunani ya ɗan leƙo: mai sanda biyu ba ya zuwa kanti. Ta yi ta kai farfesu tana ɗauko langarta da kanta kafin a samu damar saka wani abu.

Sai ga uwarsa ta sauka daga Jafan.

'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta kai kafaɗar Kachollom ba. Ta hawo benen da ƙafa, don lift ya lalace, riƙe da akwati. A bakin ƙofa ta sunkuya, Kachollom ta rusuna, baƙuwar ta ƙara sunkuyawa, Kachollom ta durƙusa. Da suka ga ƙasa ta ƙare sai suka miƙe. Babu wadda ke jin yaren wata. Madam Kurotani ta buɗe akwati: yadin siliki, farantai, takalman ɗaka na kowa da kowa har da Marvellous, kuma kowanne daidai ƙafar mai shi. Matan biyu suka kalli juna. A nan Kachollom ta gane ashe duk shekarun nan da ɗan aike take fama. Ga mai ba da umarni nan.

Isamu ya warke. Ya koma Beljiyam ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, wata babbar ƙungiya a London ta dawo da shi, aka fara ganin fuskarsa a jikin bas, har da wanda Dachung ke tuƙawa. Sannan aka kira shi tawagar ƙasarsa. Kachollom ta aika langa cike da soyayyar kaza ta taya murna, ta kwana da sanin cewa ita ce a sama.

Wasansa na farko na sada zumunta ne, a nan London aka yi. Ya aiko musu da tikiti. Kachollom ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci ta zauna cikin dubban 'yan Jafan. Bayan hutun rabin lokaci aka saka shi, aka bugo kwana, ya yi tsalle tsakanin wasu ƙatti biyu, raga ta girgiza. Dachung ya rungume wani tsoho da bai taɓa gani ba. Ita kuwa abin da ya fi tsaya mata a rai ya faru ne bayan an tashi: ta ga 'yan kallon sun fito da leda suna tsince sharar filin da ba na ubansu ba.

“Baban Marvellous,” ta ce a hankali, “mutanen nan ba za su ciwu da sauƙi ba.”

Washegari da hantsi Isamu ya zo da kansa, langa a hannu biyu. A ciki, an ninke ta ƙanana, rigar da ya ci ƙwallon da ita ce, ta farko da ya taɓa sakawa da sunan ƙasarsa. A ƙirji ya rubuta “Mama.”

“Ko wankewa bai yi ba,” in ji Kachollom bayan ya tafi. “Dubi ciyawa.”

“Yesu na! Ajiye ta!” Dachung ya tare ƙofar kicin da jikinsa. “Kika saka rigar nan a injin wanki, ni da ke sai a gaban fasto. Irin wannan guda ɗaya ce a duniya. Mutum ba ya buga wasan farko sau biyu.”

Ta fahimta, kuma fahimtar ba ta yi mata daɗi ba. Kafin Lahadi labari ya zaga coci. Bayan sujada Juliana ta tare ta a bakin ƙofa, gaban matan Zumunta, murya kamar zuma.

“'Yar'uwa, mun ji abin alheri. To wannan karon me za a saka a langa? Masa?”

“Ana shiri.”

“A yi a hankali dai. Ba laifi ba ne mutum ya ce an fi shi. Mu ma ai mun faɗa.”

Langa ta yi kwanaki a kan tebur, buɗe, Kachollom na zagaya ta. Ta yi tunanin rago, ta tuna yaron zai iya sayen garke. Ta yi tunanin fulotinsu na Bukuru, Dachung ya ce tunanin ya tsaya nan. Ya ba da shawarar a yi masa addu'a ta musamman, ta ce addu'a kowa na yi, kuma ba ta cika kwano. A wurin aiki ta saka wa wani tsoho takalmi a juye, ya ce bai taɓa jin daɗin tafiya irin ta ranar ba.

Ana cikin haka wata rana da yamma Marvellous ta buɗe ƙofa da makullinta, ta jefa wa uwar ledar sabuwar rigar sanyi a cinya. “Got you a coat, Mum, naki ya mutu.” Ta wuce kicin, aka ji ƙarar murfin tukunya.

“Ajiye can,” in ji Kachollom, ko kallon ledar ba ta yi ba. Sai ta tsaya. Ta dubi ledar. Ta dubi ƙofar kicin, inda 'yarta ke tsamo nama da hannu. Yarinyar nan ta saya mata waya, ta saya mata firij, ta biya mata jirgi zuwa Jos, kuma ko ƙwai ɗaya ba a taɓa mayar mata ba. Ba wanda ya taɓa cewa an ci Maman Marvellous.

Ranar Lahadi ta gayyaci Isamu cin abincin rana. Ta gayyaci Juliana da manyan Zumunta, don abin da ba a yi gaban shaidu ba, ba a yi shi ba. Falo ya cika da ɗankwali. Ta fito da langa a rufe ta miƙa masa. Ya karɓa hannu biyu, ya ɗan yi mamakin rashin nauyinta, ya ɗaga murfi.

Babu komai a ciki.

Wata ta dafe ƙirji. Juliana ta sunkuyar da kai don kada murmushinta ya yi yawa a ranar Ubangiji.

Kachollom ta kwance bakin zaninta ta ciro makulli. “Ungo. Na gidan nan ne. Tukunya na kan wuta, je ka ka zuba da kanka, kada ka kwashe naman duka. Daga yau kai ba maƙwabci ba ne. Ɗan gida ba a kai masa kwano. Abin da ya kawo wa uwarsa kuma ba kyauta ba ce, nauyin da ke kansa ne ya sauke.” Ta juya ga matan. “Har da riga.”

Isamu ya dubi Marvellous yana neman fassara.

“She's adopting you, bro,” in ji Marvellous. “Run.”

Bai gudu ba. Ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago idonsa ya yi ja. “Na gode, Mama.”

“Ba a yi wa uwa godiya da baki. In ka ci, ga shara can a sauka da ita. Lift ya lalace.”

“Wannan ai maguɗi ne!” Juliana ta kasa daurewa. “Wayam fa kika mayar! Mun gani da idonmu!”

Dachung ya gyara agogonsa ya yi gyaran murya, ya dubi Juliana. “Maman Godwin, ni na duba da kyau. Babu satar gida. Ƙwallo ta shiga.”

A ranar, mutanen Plumstead da suka leƙo ta taga sun ga ɗan wasan gaba na ƙasar Jafan yana saukowa bene da baƙar leda a kowane hannu, mai a gefen bakinsa. Tun daga nan in ya zo da tsaraba, “ajiye can” ake ce masa. An saka rigar a gilashi a falo, da ciyawarta. Langa ta koma saman kabad, Kachollom ta ce ta yi ritaya.

Ritayar ba ta yi nisa ba. Wata safiya mai kawo saƙo ya hawo yana haki da kwali mai tambarin Jafan. Madam Kurotani ta samu labarin an karɓi ɗanta a matsayin ɗa, kuma a ƙasarsu irin wannan alheri ba a barinsa ya tafi haka nan. Kachollom ta buɗe, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki.

“Ki ce ajiye can mana,” in ji Dachung.

“Ita ai ba ni na haife ta ba.”

Ta jawo kujera ta taka, ta miƙa hannu saman kabad inda langa take. Fuskarta kamar ta wadda aka yi wa albishir.

“Baban Marvellous, ina ka ajiye salatif ɗin liƙe kwali?”